Kujerar Inna a Kan Keken Kaka

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kowa da ranarsa. Ranar kakana na wajen uwa ta zo a farkon sanyin bara, bayan 'yar gajeruwar jinyar ƙirji. Mutanen Manshiya, unguwarmu a nan garin Sabha, Baba Mai Keke suke ce masa, Larabawan layinmu kuma su ce Usta, wato gwanin sana'a. Ni Kaka nake ce masa, matarsa kuma Inna. A hannunsu na tashi tun da mahaifiyata ta koma Kano da ƙannena. Ba ni da bakin magana a taro, ko a aji sai malami ya kira sunana nake ɗaga kai. Abin da na kasa faɗa a zaman makoki shi nake rubutawa yanzu, don kada ya bi Kaka ƙasa.

A kwanakin makoki kekuna sun cika layinmu, har mai tankar ruwa ya rasa inda zai bi. Ta tagar ɗakina nake kallonsu jingine da bango, kuma da wuya a sami wanda ban sani ba, don duk sun taɓa kwana a shagon Kaka. Masu su suna zaune a kan tabarmi tare da Kawu, babban ɗan Kaka, wanda ke karɓar gaisuwa.

Mai burodi, wani Badamagare dogo, shi ya fi kowa kuka. Na ji yana ce wa Kawu, "Wallahi tsohon nan shi ya yi mini aure. A kaina nake ɗaukar burodi, ya tare ni ya ce, kai, jaki ne kai? Ya yanka wani tsohon keke ya ƙara masa tsawo ta baya, na koma kai wa shaguna har unguwar Mahdiya. Da keken nan na tara kayan lefe."

Wani tsohon malamin makaranta, Balarabe maƙwabcinmu, turo nasa ya yi da hannu tun daga gida. Da aka tambaye shi ko faci ya yi, sai ya ce a'a, yau keken ma makoki yake, ba a hawansa. Akwai kuma wani saurayi daga cikin matafiya masu wucewa arewa don ƙetare teku zuwa Turai, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya durƙusa gaban Kawu ya ce, "Baba shi ba ni keke, shi ce yi aiki, in ka tafi ka ajiye. Ni zo ajiye." Kawu ya ce ya riƙe abinsa. Saurayin ya girgiza kai, ya jingine keken a ƙofar gidanmu ya tafi da ƙafa.

A cikin gida, mata sun kewaye Inna. Ba ta yi kuka mai sauti ba. Duk wadda ta ba ta labarin alherin da Kaka ya yi wa mijinta ko ɗanta, sai ta gyaɗa kai ta ce Allah ya karɓa. Da labaran suka yi yawa, sai ta gyara mayafi ta ce, "Ya yi wa garin nan kaf ƙafafu. Ni kaɗai ya bari a zaune. Har ya tafi bai dawo mini da kujerata ba." Matan suka yi dariya suna share ido. Ni na tashi na shiga kicin, don na san inda kujerar take, kuma Kaka ya ɗaure mini baki.

Kafin in zo kan kujerar, sai an san wani abu game da Inna. Ba ta shiga mota. A bayan babbar mota ta ƙetaro Sahara tana amarya, a saman kaya, kusa da durom na fetur, kuma abin da ta gani a hanyar ba ta taɓa ba mu labarinsa duka ba. Tun daga ranar da ta sauka a Sabha, warin fetur kaɗai yana sa ta amai da rawar jiki. Duk inda za ta, da ƙafa take zuwa: biki, suna, asibiti, har unguwar Tayuri inda ƙanwarta take, wadda muke kira Inna Ƙarama. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Sai gwiwoyin Inna suka ƙi, ya zama daga ɗaki zuwa tsakar gida ma sai da sanda. Ba a daɗe ba Inna Ƙarama ta sami shanyewar ɓarin jiki, ta kwanta, ba ta ɗaguwa. Gari ɗaya suke, amma azumi ya zagayo ya sake zagayowa ba su ga juna ba. Sai dai waya, ita ma muryar Inna Ƙarama ba ta fita sosai. In sun gama, Inna takan riƙe wayar a cinyarta ta ce, "Anya zan sake ganin yarinyar nan?" Yarinyar da take nufi tana da jikoki.

Shagon Kaka yana ƙarshen layinmu, ɗan ɗaki ne na haya mai ƙofar ƙarfe. A nan nake karatu da rana in an ɗauke wuta, don yana da farantin sola a rufi da 'yar fanka, kuma Kaka ba ya damuna da surutu sai in ya ga na rufe littafi. Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika. "Amarya, wannan karatu naki yaushe zai fara dafa mini tuwo?"

Bai yarda a jefar da ƙarfe ba. Bututun ruwa, ƙafar gado, gwangwanin mai, duk suna da ranarsu. Titunanmu ba sa rabo da ƙaya da fasassun kwalabe, don haka yakan yanke bakin tsohuwar taya ya shimfiɗa ta a cikin sabuwa, ya ce taya mai riga biyu. Yana buɗe gwangwani ya rufe sarƙa da shi don kada ta ci jallabiyar mutum. Tsofaffi da ba sa iya ɗaga ƙafa, yakan sauke musu sandar tsakiya ƙasa, su shiga keke kamar masu shiga zaure. Mutanen Tayuri kuma faffaɗar taya yake sa musu saboda rairayi.

Ba duk dabararsa ce ta yi ba. Akwai shekarar da ya ɗaura wa keken ladanin masallacinmu laima don rana. Ranar farko iskar kudu mai zafi ta taso, ta cika laimar, ta kwashi ladan da kekensa ta zuba a tulin yashin masu gini. Ladan ya dawo da yashi har a gemu. Kaka ya zagaya keken ya duba, ya ce, "Laimar ba ta da laifi, Malam. Kai ne ba ka da nauyi." Amma ya cire ta, kuma ya yi wa ladan gyara kyauta har ƙarshen ransa.

Abu biyu ne ba ya tsallakewa a aiki. Na farko, ba ya haɗa wa mutum keke sai ya auna shi da igiya, daga ƙugu zuwa diddige, daga kafaɗa zuwa tafin hannu. Yakan ce keke riga ne, aron rigar wani shi ke kawo ciwon baya. Na biyu, ba ya miƙa keke sai ya hau shi da kansa ɗauke da irin nauyin da zai riƙa ɗauka. In na mai ruwa ne, sai ya cika jarkoki ya ɗaura. In na mai burodi ne, sai ya jibga kwalaye. Mai keke yana tsaye yana jira, Kaka ya zagaya unguwa ya dawo, sannan ya ce, "Ya tashi." Kafin ya faɗi wannan kalmar, ko leƙen keken ba ya son ka yi.

Duk lokacin da fetur ya yi wuya a garin nan, motoci suka yi layi tun daga gidan mai har inda ido ya ƙare, ranar Kaka sallah yake yi. Sai ya sa farar hularsa ya hau kekensa ya bi gefen layin a hankali yana kaɗa ƙararrawa. "Sannunku da hutawa! Allah ya kawo tanka!" Direbobi su yi ta yi masa tsiya, yana dariya. Yakan ce, "Mota sai ka ciyar da ita. Keke kuwa kai ka ci, shi ya ƙoshi." A irin waɗannan kwanaki har masu manyan motoci sukan fito da kekunan 'ya'yansu daga sito su kawo masa.

Kekunan da yake ba matafiya aro kuwa, wasu sukan dawo, wasu shiru. Inna ta sha yi masa faɗa a kai. Amsarsa ɗaya ce: "Keke ba ya ƙetare teku. Yana nan cikin garin nan, wani yana cin abinci da shi."

Yana son in nuna masa bidiyon kekunan ƙasashen Turai a wayata, musamman masu akwati a gaba da ake ɗaukar yara da cefane. Sai ya sa tabarau ya matso. "Tsayar nan. Mayar baya kaɗan. Kai, bature! Dubi inda ya bi da sandar juyawa, ta ƙarƙashi." Ya auna hoton da farcensa, washegari in tarar ya zana abin da alli a ƙasa. Ba ya jin nauyin koyo daga kowa. Mutum ɗaya ne kawai Kaka ya kasa karɓar komai daga hannunsa, shi ne ɗansa.

Kawu ɗan fari ne, don haka Kaka bai taɓa kiran sunansa ba. Da yana yaro "wancan" yake ce masa, da ya girma ya bar kekuna ya buɗe garajin motoci a Mahdiya, sai ya koma "mai garaji". Wata Juma'a bayan an ci abinci, Kawu ya shigo shago da kwali. Taya ce ta baya mai inji a cibiyarta, da batirinta, irin wadda ke taya mai keke tuƙi. Ya ce ya kawo ne a sa wa keken Kaka, don ya daina wahala.

Kaka ya leƙa kwalin bai taɓa ba. "Keken da ba ya sa gumi kujerar malalaci ce."

"Baba, ka tsufa," in ji Kawu. "Numfashinka nake ji tun daga ƙofa. Kuma zagina ake yi a gari, ana cewa ina da garaji na bar ubana yana faci a bakin titi."

"Au, facin ne abin kunya?" Kaka ya ajiye sifanar hannunsa. "Facin nan shi ya saya maka sifanarka ta farko. Ɗauki kayanka. Ranar da na kasa taka feda, ka zo da makara, kada ka zo da batir."

Ina bayan shago na sa fuskata cikin littafi. Kawu ya ɗauki kwalinsa ya fita. Bai daina zuwa gida gaisuwa ba, kullum yana durƙusawa, Kaka yana amsawa yana kallon gefe. Amma ƙafarsa ba ta sake taka shagon ba.

Kujerar Inna ta ƙarfe ce mai hannuwa, a kanta take sallah tun da gwiwa ta hana ta sujada, a kanta take tsintar shinkafa, a kanta take yi mana shari'a. Wata rana waldar ƙafarta ɗaya ta saki, Kaka ya ce a kawo ya gyara. Shi ke nan. Kowace safiya in ya zo fita sai ta ce, "Malam, kujerata fa?"

"Tana asibiti."

"Wane irin asibiti ne ba a sallama? Keken kowa ya shiga ya fito, ni tawa ta zama 'yar gida?"

"Likita ya ce a ƙara haƙuri."

Ta koma zama a kujerar roba, tana tsine mata kullum, wai tana zamewa kamar mai bin ta bashi.

A lokacin Kaka ya fara haɗa wani babban keke mai ƙafa uku, biyu a gaba ɗaya a baya, da akwatin katako a tsakanin na gaban. Duk wanda ya tambaya sai ya ce na dakon tukwanen gas ne. Har mai gas na unguwarmu ya fara leƙowa yana cewa in an gama nasa ne. Wata rana da azahar, babu kowa, Kaka ya janyo ƙofa ya ce, "Amarya, zo ki kama mini." Muka ɗaga akwatin, ashe ba shi da gindi, kifa shi kawai aka yi. A ƙarƙashinsa ga kujerar Inna, an yanke mata ƙafafu an ɗaure ta da noti a kan wani faffaɗan katako da bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba.

Na ce, "Kaka, kujerar Inna ce!"

"Rufe mini baki, da tawa ce?" Ya shafa hannun kujerar. "Tayuri zan kai ta. Ba ta shiga mota, to wannan ba mota ba ce. Ga inda za ta sa ƙafa, ba sai ta ɗaga ba. Nan rumfa za ta zauna, da labule, don na san halinta, ba za ta yarda gari ya kalle ta ba."

"To me ya sa ba ka gaya mata ba? Kullum faɗa take yi."

"Bai tashi ba tukuna. Kuma ke, duk shekarun nan da muka yi, in je in ce mata miƙo ƙafa in auna da igiya? Cewa za ta yi na haukace. Kujerar nan ta riga ta san awonta, ta fi igiyata sani." Ya nuna ni da yatsa. "Amana ce. Kada ta ji sai ranar da ya tashi."

Ranar gwaji ya aro buhun shinkafa biyu daga mai shagon kusa, ya ɗora ɗaya a kujera ɗaya a wurin ƙafa, ya mayar da akwatin ya rufe. Na ce, "Kaka, Inna ba ta kai buhu biyu ba."

"Jikinta buhu ɗaya ne," in ji shi. "Ɗayan na faɗanta ne, shi ma da mu za shi."

Ya fita da hantsi yana kaɗa ƙararrawa. Sai bayan azahar ya dawo, yana turawa da hannu, rigarsa sharkaf. Ya zauna a kan benci yana haki. A kan kwalta keken ya tafi kamar ruwa, amma da ya shiga rairayin bakin Tayuri sai ƙafafun Kaka suka ƙi. Na ba shi ruwa ya sha, ya daki ƙirjinsa a hankali ya ce, "Keken lafiyarsa ƙalau. Injin ne ya tsufa."

Can sai ya ce, yana kallon ƙasa, "Abin nan da mai garaji ya taɓa kawowa, ko yana nan wurinsa?"

"In je in tambaye shi?"

Ya ce, "Bari tukuna. Sai na samo bakin da zan faɗa da shi."

Bai samo ba. Sanyi ya shigo, tari ya kama shi, ya kwanta. Ranar da na kai masa kunu na ƙarshe, Inna tana tsakar gida, ya riƙe hannuna ya ce a hankali, "Amarya, bai tashi ba fa." Na ce na sani, Kaka.

Bayan sadakar bakwai mai shagon ya aiko cewa yana son ɗakinsa. Mai gas kuma ya zo ya sami Kawu, ya ce marigayi ya yi masa alkawarin keken nan mai ƙafa uku. Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya ji ke nan, Kaka bai taɓa ce masa a'a ba. Kawu ya ce ya zo ya ɗauka bayan sadakar arba'in, sauran ƙarafa kuma a kira masu gwangwan. Ta taga na ji wannan maganar. In keken ya tafi, za a kwance kujerar a jefar, Inna ta zauna da zancen cewa ita kaɗai ya manta, kuma ita da ƙanwarta sai dai a lahira. Inna tana takaba, ba zan iya gaya mata ba, don amana ce. Kawu kuwa tun ina ƙarama ban taɓa haɗa jimla uku a gabansa ba.

Na yi ta juya maganar Kaka kamar yadda nake juya tambayar jarrabawa. Cewa ya yi kada ta ji. Bai ce kada ya ji ba. Kuma da bakinsa ya tambayi kayan mai garaji. Ana saura kwana kaɗan arba'in, na tashi daga makaranta na wuce Mahdiya.

Kawu ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu. "Ke, lafiya? Inna ce?"

"Lafiya lau, Kawu. Keken gas ɗin nan ne." Na ƙara da cewa, "Ba na gas ba ne."

"To na mene ne?"

"Sai dai ka zo ka gani."

Ya tsaya a ƙofar shagon kamar mai jiran a yi masa izini, sannan ya yi sallama ya shiga, ko da yake babu mai amsawa sai ni. Muka ɗaga akwatin. Ya daɗe yana kallon kujerar mahaifiyarsa. Na ba shi labarin duka, da buhuna, da rairayi, da tambayar da Kaka ya yi.

"Shi ya ce haka? Da bakinsa?"

"Ya ce, abin nan da mai garaji ya taɓa kawowa."

Kawu ya juya mini baya, ya ɗauki wata sifana daga kan tebur ya mayar, ya sake ɗauka. "Yana nan," ya ce. "Ko kwalin ban sake buɗewa ba. An taya ya fi a ƙirga, na ƙi sayarwa." Ya ja hanci. "Tsohon nan da taurin kai. Kalma ɗaya fa."

A ranar ya kira mahaifiyata a Kano, suka yarda keken na Inna ne, ba ya cikin abin rabo. Ya roƙi mai shago ya ƙara masa lokaci. Mai gas da ya ga kujerar sai ya riƙe baki ya ce, "Subhanallahi, da na ɗora wa Hajiya tukwane a wurin zamanta." Kawu ya ce zai haɗa masa nasa daga baya, kuma ya cika.

Kullum bayan la'asar Kawu yakan bar garaji ga yaransa ya zo shagon. Ya sa tayar mai inji a baya, ya ɓoye batirin a ƙarƙashin kujera, ya ɗaga farantin solar shagon ya mai da shi rufin rumfa, yana ba da inuwa yana cika batir. Ni na ɗinka labulen da wata atamfar Inna da ta daina ɗaurawa. Da ya gama na ce masa, "Kawu, saura gwaji." Ya dube ni, ya tafi ya aro buhu biyu. Ranar mutanen Manshiya suka ga mai garaji guda a kan keke, direbobi abokansa suna yi masa ihu, "Alhaji, an karye ne?" Bai kula su ba. Ya je Tayuri ya dawo da rairayi a tayoyinsa, ya sauka ya ce, "Ya tashi." Muryarsa ta yi kama da ta Kaka har na kau da kai.

Ranar da Inna ta fita takaba, ta yi wanka ta sa sababbin kaya, Kawu ya kawo keken ƙofar gida. Na ce mata ta fito ta ga baƙo. Ta dafa kafaɗata da hannu ɗaya, sanda a ɗayan, tana mita har zaure. Kawu ya yaye labulen.

Inna ta tsaya. Ta dubi kujerar, ta dubi Kawu, ta dube ni. Ta matsa ta shafa hannun kujerar daidai inda fentin ya goge saboda tafinta.

"Ashe nan ɓarawon ya kai ta," ta ce.

Na gaya mata komai a tsaye a wurin. Ba ta katse ni ba, abin da ban taɓa gani ba. Da na gama ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Yana warin fetur?"

"Ko ɗigo babu, Inna," in ji Kawu. "Rana yake sha."

"Ni da tsufana in hau keke, gari ya kalle ni?"

"Ga labule. Ya ce ya san halinki."

Ta ƙara taku ɗaya, ƙafarta ta hau katakon ba tare da ta ɗaga ba, ta juya ta zauna. Bayanta ya sami wurinsa. Ta sauke ajiyar zuciya irin wadda ba ta taɓa saukewa a kujerar roba ba. Sai ta hango ƙwayoyin shinkafa a wurin ƙafa, ta ce wannan fa? Na ce na gwaji ne, buhu biyu aka ɗora.

"Buhu biyu? Ni?"

"Ya ce ɗaya naki ne, ɗaya na faɗanki."

Kawu ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Inna ta matsar da ƙafafunta gefe. "To tunda ya yi wa faɗan wuri, zo ki zauna a wurin. Yau ba ni da shi."

Haka muka tafi, ina zaune a ƙafafunta, Kawu yana tuƙi a baya, injin yana ɗan zuzu kamar ƙudan zuma. Mai burodi ya gan mu ya biyo mu, ladan ma ya biyo, suna kaɗa ƙararrawa. Tun ba mu fita Manshiya ba Inna ta ɗage labulen da kanta. Tana ta nuna mini wurare: nan da fili ne, nan wata ƙawarta ta zauna, wannan ginin yaushe aka yi shi? Da muka shiga rairayin Tayuri na ji keken ya ɗan nutse, sai injin ya ƙara murya muka wuce. Lungun gidan Inna Ƙarama mota ba ta shigarsa, amma keken ya shige har bakin ɗaki. Kawu ya ce daga baya ya auna, faɗin keken bai wuce na lungun ba ko da yatsa. Kaka ya riga ya je da igiyarsa.

Inna Ƙarama tana kwance a katifa, fuskarta wajen ƙofa. Da ta ga mai shigowa sai ta yi ƙoƙarin tashi ta kasa. Inna ta saki sandarta ta zube kusa da ita, gwiwar da ba ta lanƙwasuwa ta lanƙwasu ranar. Suka riƙe juna. Mu muka tsaya a waje.

Can na ji muryar Inna Ƙarama, a karye, tana jan kalmomi. "Yaya, da me kika zo? Ke da ba kya shiga mota."

Inna ta ce, "Malam ne ya kawo ni."

Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa taurin kansa, ya sa duk taku da wani bawa ya huta saboda aikin hannunsa ya zame masa sauƙi a kan siraɗi. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu zuwan. Amin.